Zuwa ga ɗana mai jiran aikin koyarwa

Assalamu alaikum ɗana,

Na ga saƙonka na daren jiya, sau biyu na karanta shi, musamman inda ka ce da ka sani da ba ka karanci koyarwa ba. Ban ji haushi ba wallahi, intabiyu uku ba kira ai dole zuciya ta yi zafi, to amma bari in gaya maka abin da nake gani tunda ni ma alli na riƙe har na yi ritaya.

Ba wai malamai sun yi yawa ba ne fa. UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da kanta a rahotonta na 2024 ta ce duniya na buƙatar ƙarin malaman firamare da sakandare miliyan 44 kafin 2030, miliyan 15 daga ciki a Afirka kudu da Sahara kaɗai. Yara na nan cike da azuzuwa, abin da babu shi ne kuɗin biyan albashi, don albashin malamai shi ke cinye mafi yawan kasafin ilimi, shi ya sa gwamnatoci ke jan ƙafa wajen buɗe gurbi, malami ya yi ritaya a bar ajinsa haka ko a haɗe shi da na kusa, ko a ɗauko ɗan kwantiragi a biya shi abin da bai taka kara ya karya ba. Kenan ba kai ne ba ka iya ba.

Abin da ya fi damuna shi ne abokan nan naka da ka ce suna cewa za su riƙe koyarwa ne kawai kafin Allah ya kawo wani abu. Na zauna a kwamitin intabiyu ba sau ɗaya ba, irin wannan mutumin minti biyar ya isa a gane shi, ka miƙa masa alli ka ce ga allo koya mana rabawa kamar mu 'yan aji uku ne, sai ya juya mana ƙeya yana ta rubutu yana magana da allo har lokaci ya ƙare. Wata yarinya kuwa da satifiket ɗinta bai kai nasa ba, murafen kwalba ta fito da su daga jaka ta raba mana, ta ce kowa ya ƙirga nasa. Ita muka ɗauka.

Don haka kar ka bari hannunka ya yi sanyi. Makarantar kuɗin nan da ka raina albashinta, karɓa, da babu gara ba daɗi, ko lesin ɗin yamma ne ka yi, ka dinga rubuta tsarin darasi kana ajiyewa kamar yadda ka yi lokacin tichin faraktis. Kuma ku duk kun tattaru kuna son cikin birni, alhali inda ake kukan rashin malami makarantun karkara ne, sai lissafi da kimiyya da koyar da yara masu buƙata ta musamman. Kai da lissafi bai taɓa ba ka wahala ba, me ya hana ka ƙaro kwas a kai?

Idan kuma zuciyarka ta fita daga aikin gaba ɗaya ka faɗa min gaskiya, ba zan tilasta ka ba, ban son ka shiga aji kana huce haushi a kan 'ya'yan mutane.

Ka turo min takardar neman aikin da ka rubuta in duba kafin ka sake kaiwa. Mamanka na gaishe ka, ta ce ka kira ta.

Babanka