Wasiƙa Daga Bakin Teku

Nungwi, Zanzibar

Zuwa ga Baba da Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ku lafiya kamar yadda ta bar ni. Ya ƙafar Baba, da sauƙi dai? Ina gaida Yaya da iyalinsa, da Auta, da kowa da kowa.

Inna, tun ranar da muka yi waya na ce miki na fara shiga ruwa da kaina, na ji muryarki ta canza, kuma har yau hankalina bai kwanta ba. Layi na ta yankewa, ban samu na yi miki bayani ba. Yanzu daminar nan da suke kira masika ta tsare mu, daga Maris zuwa Mayu baƙi ba su cika zuwa ba, shi ya sa na samu zama na rubuta. Auta ta karanta muku a tsanake, kada ta tsallake ko layi ɗaya.

Garin da nake yana can ƙarshen arewacin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, a cikin Tekun Indiya. Wurin aikinmu rumfa ce babba a bakin ruwa, da ɗakin kaya, da ɗakin inji a baya, da jirage biyu. Mu goma sha huɗu ne. Akwai 'yan gari, akwai waɗanda suka ƙetaro daga babban yankin Tanzaniya, akwai malaman nutso uku daga Turai da Afirka ta Kudu, sai ni. Mutane kan zo daga nesa su biya kuɗi a kai su ƙarƙashin teku su ga abin da Allah Ya ajiye a can, mu kuma aikinmu mu kai su mu dawo da su lafiya.

Wata bakwai na farko ban shiga ruwan da ya wuce ƙirjina ba. Ɗaukar tukwanen iska nake yi, da wanke kaya da ruwan daɗi, don gishiri ba ya barin roba da ƙarfe. Har yanzu ni ke buɗe ɗakin injin da ke cika tukwanen bayan Asuba. Kowace tukunya sai allurar ma'auninta ta kai 200 ake cire ta. Abin da ke ciki iska ce kawai, irin wadda kuke shaƙa a tsakar gida, an dai matse ta ne. Dattijon da ya koya mini aikin ba ya miƙa wa kowa tukunya sai ya buɗe ta kaɗan ya kai hancinsa. In ya ji ƙanshin mai ko hayaƙi, gefe take komawa. Amma ya gargaɗe ni cewa hanci kaɗai bai isa ba, domin gubar da ke cikin hayaƙin inji ba ta da wari. Saboda haka kafin na kunna sai na duba inda iska ke kaɗawa, kada bututun zuƙa ya ja hayaƙi, kuma akwai littafin da nake rubuta awannin da matacin ya yi don a canza shi kan lokaci. Ya taɓa ce mini, “Wanda zai shaƙi wannan bai san ka ba, ba zai taɓa ganin ɗakin nan ba, amma ya ba ka amanar huhunsa.” Maganar nan ba ta bar ni ba.

Ɗaya daga cikin malaman, wata mace mai haƙuri ƙwarai, ita ta ga ina yawan tsayawa sauraro in tana koyar da baƙi. Ta fara koya mini iyo a ranakun hutu, a inda ƙafata ke taɓa ƙasa, sannan ta ɗora ni kan karatun. Takardar shaidar farko ta PADI ce, ƙungiyar da ke horar da masu nutso, wadda ke ba mutum damar sauka mita 18. Masu nutson shaƙatawa, komai ƙwarewarsu, ba sa wuce mita 40.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai haɗari. Amma haɗari ne da aka san sunansa da dalilinsa. Duk mita goma da ka sauka, ruwa na ƙara maka nauyi kwatankwacin na dukan iskar da ke kanmu a doron ƙasa. Kunne ne ke fara faɗa maka, sai ka toshe hanci ka hura a hankali har ya buɗe. Iskar da ka shaƙa a ƙasa takan kumbura in kana hawowa, shi ya sa doka ta farko ita ce kada ka kuskura ka riƙe numfashi. Sannan akwai wani sashe na iskar, naitirojin, da ke narkewa cikin jini in kana ƙasa. Ka taso da gaggawa, sai ya yi kumfa a jiki, ya kama gaɓoɓi ko laka. Maganinsa sannu. Mukan hawo a hankali, mu tsaya minti uku a mita biyar kafin mu fito, kuma baƙon da ya yi nutso sau da yawa ba ya hawa jirgin sama sai bayan awa 18 aƙalla. 'Yan nan suna da kalmar da ba ta barin bakinsu, pole pole, wato sannu sannu. A ƙarƙashin ruwa na gane nauyinta.

Abin da na fi so ki ji, Inna, shi ne wannan. Ba wanda ke shiga ruwan nan shi kaɗai. Kowa da abokin nutsonsa. Kafin mu faɗa ruwa, ni zan duba kayansa, shi ya duba nawa: rigar iska na cika tana sacewa, ɗamarar dalma ta ɗauru yadda za ta kwance da hannu ɗaya, an buɗe tukunya har ƙarshe. Ko maigidan wurin, mai shekara da shekaru a ruwa, sai ya juya baya an duba shi. Kuma kowannenmu na ɗauke da bututun numfashi biyu. Ɗaya na bakinka. Na biyun rawaya ne, an maƙala shi a ƙirji inda ido zai gan shi nan take, kuma ba naka ba ne. Na wanda iskarsa ta ƙare ne. Kullum na rataya shi sai na tuna cewa na kusa da ni ma yana ɗauke da nawa.

A can ba magana, sai hannu. In ka haɗa babban yatsa da manuni kamar zobe, lafiya lau ke nan. In ka ɗaga babban yatsa sama, a tashi ne, kuma duk wanda ya yi wannan alamar ba a musu da shi, ba a tambayar dalili sai an fito. In allurar tukunyarka ta sauka zuwa 50, ka dunƙule hannu, lokacin komawa ya yi.

Watanni uku da suka wuce muka kai baƙi kusa da tsibirin Mnemba, a gabas. An sa ni a baya ina lura da su. Wata mata, za ta kai sa'ar Inna, ruwa ya shiga gilashin fuskarta muna wajen mita goma sha biyu. Na ga kumfarta ta ƙaru, idanunta sun fito, ƙafafunta sun fara harbawa za ta yi sama. Na riƙe madaurin rigarta da hannu ɗaya, na kawo fuskata daf da tata, na riƙa jan hannuna zuwa ƙirji ina mayarwa, alamar shaƙa, saki, shaƙa, saki. Farcenta ya shige dantsena har ta cikin rigar roba. Ban san tsawon lokacin ba, ƙila minti ɗaya ne. Sai na ji riƙon ya sassauta. Ta ɗaga kai ta fyace ruwan ta hanci kamar yadda aka koya mata, ta dube ni, ta haɗa yatsunta zobe. Muna juyawa sai ga kififiya babba ta taso daga bayan dutse, ta wuce ta gabanmu ko a jikinta. Da muka hau jirgi matar nan ta kama hannuna biyu tana kuka tana magana da harshen da ban sani ba. Ni ma ban iya ce mata komai ba. A ranar na san ina son aikin nan, so na gaske.

Saman ruwa ma akwai mai tsaronmu. Kyaftin ɗinmu tsohon masunci ne, a jirgin filafilai ya girma. Ya san iskar kaskazi da ke zuwa daga arewa maso gabas wajen Disamba zuwa Maris, da kusi mai ƙarfi da ke biyowa daga kudu a tsakiyar shekara, kuma in ya dubi ruwa ya ce yau ba a zuwa wuri kaza, ko baƙi sun biya, ba a zuwa. Muna ƙasa yana bin kumfarmu da ido. Mun fito, ba ya tayar da inji sai ya kira sunan kowa daga takarda ya ji amsa, sannan ya sake ƙirga kawuna.

Sau ɗaya na ga ciwon kumfar nan ta naitirojin ya kama mutum. Wani abokin aikinmu ya yi nutso uku a yini, kwana huɗu a jere, ga gajiya, ga ƙarancin shan ruwa. Da yamma kafaɗarsa ta kama ciwo, yatsunsa suna sanyi, ya yi shiru don kada a ce ya kasa. Yaron jirgi ne ya lura yana riƙe hannu, ya faɗa. Nan da nan aka kwantar da shi aka sa masa oksijin zalla, aka ɗauke shi zuwa inda ake da ɗakin matsi, wanda ke mayar da jiki kamar yana ƙarƙashin ruwa har kumfar ta narke. Ya warke, ya dawo aiki bayan hutun da likita ya yanka masa. Tun daga nan aka kafa mana doka: duk wanda ya ji wani abu a jikinsa ya faɗa, ba a rage masa ko sisi. Akwatin da baƙi ke jefa kyauta a ciki, ƙarshen mako ake buɗe shi a gaban kowa a raba daidai, da mai shiga ruwa da mai share rumfa. Lokacin da kunnena ya yi ciwo na yi mako biyu a tudu, kasona bai yi gibi ba, kuma kullum da dare sai wani ya leƙo ɗakina.

Baba ya tambaya me ake gani a can da har mutum zai bar ƙasarsa dominsa. Na rasa ta inda zan fara. Launin ja ne ke fara ɓacewa in ka sauka, komai ya koma shuɗi-shuɗi, sai ka haska tocila ka ga dutsen da ka ɗauka toka-toka ashe ja ne wur. Kuma ba dutse ba ne ma. Murjani halitta ce mai rai, ƙananan dabbobi ne da ke gina gidajensu a kan na iyayensu shekaru aru-aru, kifaye dubbai na zaune a cikinsu. A 2024 ruwa ya yi zafi fiye da ƙima, na ga wuraren da na fara koyo a kansu sun koma fari fat kamar ƙashi. Kyaftin ya ce rabonsa da ganin irin haka da muni tun 1998. Wasu sun farfaɗo da ruwa ya huce, wasu gansakuka ta rufe su. Abin na ci mini rai, kamar yadda nake jin zafi in na ga jirage sun yi wa dabbobin ruwan da ake kira dolfin zobe suna kora don baƙi su ɗauki hoto, ko an jefa anga kan murjanin da ya girmi kakan mai jefawar. Mu a wurinmu ba a taɓa komai, ba a ɗauko komai. A wannan daminar, duk ranar da ruwa ya lafa, mukan fita da wuƙa da buhu mu yanko tsofaffin komaye da leda da suka sarƙe a ƙasa, wasu masuntan garin ma suna bin mu, don su ma daga nan suke ci.

Akwai kewa, ba zan ce babu ba. Baƙo ya zo ku yi mako kuna fita tare, ka san tsoronsa, ka san dariyarsa, ranar Asabar mota ta ɗauke shi shi ke nan. Malamai ma sukan yi shekara ɗaya ko biyu su ƙara gaba, kuma wadda ta koya mini iyo za ta tafi kafin ƙarshen shekara. Da yamma in na gama rataye rigunan roba, ruwa na ɗiga daga jikinsu, masu sassaƙa jirage a bakin gaɓa sun ajiye gizagonsu, a lokacin ne gida ke faɗo mini a rai.

To ga dalilin takardar. Na gama karatun ceto da na taimakon gaggawa. Matakin da ke gaba shi ne na jagoran nutso, wanda ake ba wa baƙi ya kai su da kansa. Ana fara shi da nutso 40 a rubuce, a gama da 60, ni kuwa ina da 47 a littafina. Maigidan ya ce zai ɗauki nauyin karatun in na yarda na ƙara shekara ɗaya tare da su, kuma takardar tana aiki a duk inda ake wannan sana'a a duniya. Wannan na nufin zuwan da na yi muku alkawari zai zama na mako uku ne kawai, sannan na dawo.

Ban ba shi amsa ba. Na ce masa ina da iyaye, sai na ji daga bakinsu. Baba, in kun amince ku sa mini albarka. Inna, in har zuciyarki ba ta natsu ba bayan kin ji duk wannan, ki faɗa mini kai tsaye, zan koma ɗakin inji na ci gaba da cika tukwane, ba zan riƙe ki a rai ba. Ina dai roƙon ki dubi hotunan da na tura wayar Auta kafin ki yanke. A na ukun za ki ga bututun nan rawaya a ƙirjina, wanda ke gefena kuma shi ne abokin nutsona.

Maigidan ya ba ni zuwa ƙarshen wata. Zan kira ranar Juma'a da yamma, Auta ta tabbatar wayar na da caji.

Wassalam,
Ɗanku mai kewarku.