Gyara kan shirinku na daren Asabar

Malam Edita, ranka ya daɗe.

Raina ya ɓaci da shirinku na daren Asabar. Baƙonku ya yi ta nanata cewa masu sharhi sun yi wa The Family, fim ɗin nan kan wata ƙungiyar Kirista ta sirri mai cuɗanya da 'yan siyasar Amurka, ca ne don ya taɓa addinin Kirista, mai gabatarwa kuma ko uffan bai ce masa ba. Ba haka zancen yake ba. Yawancin sukar da fim ɗin ya sha a kan yadda aka haɗa shi ce.

Fim ɗin kashi biyar ne, Netflix ta sake shi a 2019, Jesse Moss ya ba da umarni, an ɗora shi kan littattafan Jeff Sharlet. Kaya iri uku aka zuba a ciki: tsofaffin hotunan bidiyo na gaske, hira da waɗanda suka san ƙungiyar, sai wasan kwaikwayo. A na ukun matsalar take. Zaman Sharlet a Ivanwald, gidan ƙungiyar da ke Arlington kusa da Washington, 'yan wasa ne suka kwaikwaya, har James Cromwell ya fito a matsayin Doug Coe, jagoran ƙungiyar, wanda ya mutu tun 2017. Idan aka rage haske, aka sa kiɗa mai tayar da tsikar jiki, aka manna wannan a jikin hoton gaske, mai kallo ba ya gane inda shaida ta ƙare, inda zato ya fara.

Abin takaicin, fim ɗin yana da hujjoji masu ƙwari. Taron karin kumallon addu'a na Washington, wanda ƙungiyar ta shafe shekaru tana shiryawa, tun 1953 ake yinsa, zamanin Shugaba Eisenhower. Abin kunyar neman mata na Sanata John Ensign da Gwamna Mark Sanford a 2009 ya tona asirin gidan C Street, gida mai alaƙa da ƙungiyar a Washington inda wasu 'yan majalisa suke zama. Maria Butina, 'yar Rasha da ta halarci taron, ta amsa laifin haɗa baki don yi wa ƙasarta aiki a Amurka ba tare da rajista ba, a kotu a 2018. Amma hoton Coe tare da shugaban wata ƙasa bai nuna dokar da ta sauya saboda ganawar ba, kuma nan masu sharhi suka riƙe masa wuya.

Baƙon ya kuma jefa fim ɗin God & Country na 2024 cikin kwando ɗaya. Shin ya kalle shi kuwa? Masu magana a ciki irin su Russell Moore da David French da William Barber Kiristoci ne, cocinsu suke jiye wa tsoro. Ƙorafin da wasu suka yi shi ne bai raba mai zuwa coci ya kaɗa ƙuri'arsa da wanda ya kutsa majalisar dokokin Amurka ranar 6 ga Janairu 2021 ba sosai.

Don Allah, kafin a sake irin wannan shiri, mai gabatarwa ya kalli fim ɗin da takarda a hannu, ya rubuta mintin kowace fitowa, ya sa mata alama: hoton gaske, hira, ko kwaikwayo. Duk zargin da kwaikwayo kaɗai ya ɗauke shi, a gaya wa mai sauraro haka. Ana jin ku a Jos da Kaduna, inda kalma ɗaya kan addini ba wasa ba ce.

Sannan ku rage kiɗan da kuke sawa a ƙarƙashin muryar masu kiran waya. Rabin abin da dattijon nan na ƙarshe ya faɗa bai fito ba.

Naku,
Mai sauraro daga Jos