A hanyar Pamir, takarda ta fi tudu tsayar da mai keke

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ganin yadda samarinmu ke hawa keke su nufi ƙasashe masu nisa, wasu har Makka, ya sa na ce bari in ba su labarin abin da ya same mu a Tajikistan a 2019.

Ni da wani abokina muka tashi daga Dushanbe, babban birnin ƙasar, za mu birnin Osh na Kirgistan ta hanyar duwatsun Pamir, wadda ake kira M41, tafiyar sama da kilomita 1,200. Ashe biza kaɗai ba ta wadatar. Yankin Gorno-Badakhshan da hanyar ta ratsa yana da nasa izinin daban, ga sojoji a shingaye suna dubawa, saboda kogin Panj ne kawai tsakaninka da Afganistan. Har yara kake hangowa a ƙetare suna kora awaki. Abokina bai nemi wannan izini ba. A shingen farko aka ce ya koma, babu faɗa babu zagi, amma babu wucewa. Kwana biyar muka yi asara, kuɗin guzuri ya tafi a mota da masauki. Laifinmu ne, ba mu tambaya ba.

Tudu kuwa ya wahalar da mu, amma shi yana barinka ka wuce. Daga Murgab muka haura mashigin Ak-Baital, tsayin mita 4,655. A can numfashi sai ka roƙe shi. Taku ashirin kana tura keke, ka tsaya, kai na sarawa. Da asuba ruwan gorarmu ya daskare, sai taimama muka yi. Wata dattijuwa Bakirgiza ta ba mu shayin madara mai gishiri da busasshiyar gurasa, ta ƙi karɓar ko sisi. Har yau ina yi mata addu'a.

Roƙona ga masu niyya: ku bincika halin kowace iyaka kafin ku ɗaure kaya. Mashigin Kyzyl-Art da muka bi muka shiga Kirgistan, rufe shi aka yi bayan rikicin ƙasashen biyu a 2021. Yankin Tibet na ƙasar Sin kuma baƙo ba ya shiga sai da izini na musamman da ɗan jagora. Ku yi kwafin fasfo da yawa, don a wasu shingayen za a karɓi ɗaya a riƙe.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya