Wa zai saurari saƙon muryar?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, shirinku na daren Laraba ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin na saurare shi daga farko har ƙarshe, na kuma kwanta raina a ɓace. Baƙon da kuka gayyato ya shafe kusan awa guda yana lissafa kwamfutoci da manhajoji da kwasa-kwasan da za a tura jami'ai Turai su yi domin gwamnatin Ghana ta toshe wa 'yan ta'adda hanyar intanet, amma ko sau ɗaya bai ambaci harshe ba, mai gabatarwa kuma bai tambaye shi ba.

Ranka ya daɗe, waɗannan mutane ba da Turanci suke farautar 'ya'yanmu ba, ba kuma a rubuce ba. Saƙon murya suke turowa ta WhatsApp da Telegram, cikin Hausa da Fulatanci da yaren Moshi, su yayyafa masa Larabci don yaro ya ɗauka malami ne ke magana.

Na fi shekara 20 ina koyarwa a makarantar Islamiyya a nan Aboabo. A azumin bara wani ɗalibina, wanda yake bin kawunsa saro tumatir ta Paga, iyakarmu da Burkina Faso, ya kawo mini wayarsa jikinsa a sanyaye. Wani da suka haɗu a mota ne ya saka shi cikin wani zauren hira na waya. Makonnin farko ƙira'a ce mai daɗi da bayanin alwala, abin da ko ni ba zan ce uffan a kansa ba. Sannu a hankali aka koma kafirta duk mai aikin gwamnati, daga nan sai alkawarin babur da kuɗin mota da za a turo ta waya, wato MoMo, ga wanda zai ƙetare iyaka ya je "karatu". Washegari na ɗauki wayar na nufi wani ofishi da ba zan kira sunansa ba. Jami'in da na tarar yaro ne mai ladabi, ga sabuwar kwamfuta a gabansa, amma da na kunna masa saƙon sai ya yi zuru, domin ko kalma ɗaya bai ji ba. Ya roƙe ni in je in fassara shi zuwa Turanci a takarda in dawo. Kwana uku na yi ina wannan aiki tsakanin darasi da tarawihi, kuma kafin in koma an rushe zauren, an goge komai. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tambayar da shugabansa ya yi mini, wai yaya aka yi na fahimci maganar mutanen nan haka tsaf. Ni da na kai kaina da ƙafata, ni ne na zama abin zargi.

Ban ce ba a yi komai ba. An kafa dokar tsaron intanet a 2020, hukumarta ta fara aiki a 2021, akwai lambar 292 ta kai rahoton laifukan intanet, akwai kuma 999 ta gangamin nan na "in ka ga wani abu ka faɗa" da aka ƙaddamar a watan Mayun 2022, watan da aka kashe sojojin Togo takwas a Kpekpakandi. To, na gani, na faɗa, wa ya ji? Baƙonku ya yi ta yabon rajistar layin waya da katin ɗan ƙasa, alhali lambobin da suka tura wa ɗalibina saƙo duka da 226 suka fara, wato na Burkina Faso ne, rajistarmu ba ta kai gare su.

Ga samari da 'yan mata nan zube a Nima da Mamobi da Sabon Zango da Asawase, sun sauke Alƙur'ani, sun gama jami'a, suna jin harsuna uku ko huɗu, suna zaune ba aiki. Su ya kamata a ɗauka a koya musu aikin kwamfutar, domin wannan ya fi sauƙi a kan koya wa masanin kwamfuta Fulatanci da fiƙihu. Jin harshen kawai ma bai isa ba, sai wanda ya zauna gaban malamai ne zai bambance wa'azi mai zafi da kiran ɗaukar makami. In babu irinsa, za a kama malamin da bai ji ba bai gani ba, a ƙwace wayar makiyayi don kawai Bafulatani ne, mai laifin kuwa yana can yana buɗe sabon zaure.

Kafin in ajiye alƙalami, me ya sa kuka mayar da shirin daidai lokacin sallar isha'i? A daren nan sai da na yi tawa a gida ni kaɗai don kada ya wuce ni, kuma dattawan masallacinmu sun ce in isar muku cewa sun daina kama ku tun da aka yi wannan canji. Ku mayar da shi ƙarfe tara kamar da.

Wassalam.

Naku mai sauraro,
Malamin Islamiyya, Aboabo, Kumasi