A bar likita ya duba gawa kafin a zargi kowa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana a kan abin da mutane ke gudu, wato binciken gawa idan mutum ya rasu farat ɗaya.

Shekara uku ke nan da aka wayi gari aka tarar da ƙanena ya cika a kan gadonsa. Shekarunsa 34, lafiyarsa ƙalau, a daren ma mun yi waya. Kafin azahar magana ta zaga dangi cewa matarsa ce ta sa masa guba a abinci, tunda ita a wani ɗakin ta kwana da yara. Ni kaina, Allah ya yafe mini, zuciyata ta karkata can. Yayarmu har ta yaye zanin gado za ta wanke, 'yan sanda suka hana ta, suka ce sai likita ya duba. Mun ji haushinsu ƙwarai.

Likitan bai yi gaggawa ba. Ya juya gawar, ya duba baya, ya buɗe ido, ya tsaya a kan farce. Ya ce mini idan zuciya ta tsaya, jini yakan kwanta a ɓangaren jikin da ke ƙasa, bayan awa 8 zuwa 12 tabon ya zauna daram, don haka idan an juya mamaci daga baya, jikin da kansa zai faɗa. Na ƙanena ya dace da yadda aka same shi. Abin da ya ja hankalinsa shi ne launi. Ƙarƙashin farcen ya yi ja jawur maimakon duhu. Nan take ya tambaye ni ina janareta ya kwana.

A ƙarƙashin tagar ɗakin ya kwana, saboda ruwan sama. Gwajin jini ya tabbatar da iskar kabon monoksaid da ke cikin hayaƙin janareta, wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana manne wa jini fiye da iskar oksijin sau 200 da ɗoriya. Sai a lokacin muka tuna yaran sun tashi da ciwon kai da amai, mun ɗauka kuka ne ya jawo.

Binciken da ya wanke baiwar Allah nan shi ne kuma yake kama mai laifi. A Ingila, likita Harold Shipman ya yi shekaru yana kashe marasa lafiyarsa da allura, ya rubuta cewa tsufa ne ko ciwon zuciya. Sai a 1998 da aka tono gawar wata dattijuwa aka samu mofin, wani maganin kashe ciwo mai ƙarfi, a jikinta asirinsa ya tonu. A 2000 aka same shi da laifin kashe mutum 15, kwamitin bincike kuma ya gano aƙalla 215.

Na san abin da ke damun iyalai shi ne yanka, kuma ban raina wannan ba. Amma ba kullum ake kaiwa can ba. Akan ɗebi jini da fitsari da ruwan cikin ƙwayar ido da sirinji, akwai kuma hoton CT da ke nuna cikin jiki ba tare da yanka ba. Roƙona ga masu karatu, kar a share ɗaki, kar a zubar da ragowar abinci ko kwalin magani, kar a gyara kwanciyar mamaci kafin likita ya zo.

Ranar da sakamako ya fito na je har ɗakin matar ƙanena na durƙusa na nemi gafara. Ta ce ta yafe, amma kwana tara ɗin da ta yi ba mai amsa gaisuwarta, har yau ba ta iya ba da labarinsu.

Naka,
Wani mai karatu