Jirgin gaɓar Norwe ba ya jiran a cika

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da kai da abokan aikinka.

Tallar shaƙatawa a jirgin ruwa ta fara yawo a salulolin mutanenmu, musamman ƴan kasuwa da ma'aikatan da taro ke kai su Turai, da iyayen da ƴaƴansu ke karatu can. Hoton kullum iri ɗaya ne: dutse da ƙanƙara a kansa, ruwa shuɗi, mutum na kurɓar shayi a saman bene. Abin da tallar ke tsallakewa shi ne ranar farko, alhali a ranar ce baƙo ya fi yin asara. Ka ba ni fili in bi ta daki-daki da misalin hanyar gaɓar ƙasar Norwe, daga Bergen a kudu zuwa Kirkenes kusa da iyakar Rasha. Tun 1893 jiragen Hurtigruten ke aiki a wannan gaɓa, daga 2021 kuma kamfanin Havila ya shigo. Tashoshi 34 ne, kwana shida a hau arewa, kwana goma sha ɗaya a je a dawo.

Mutumin Damagaram ya saba da motar tasha, wadda sai ta cika take tashi, in ka makara kuma ɗan kamasho ya kira ka a waya. Wannan jirgi yana ɗauke da kaya da motoci da mutanen ƙauyukan gaɓa da ke jiran sa a kan minti. Yana barin Bergen da ƙarfe takwas da rabi na dare, da kai ko ba kai. Don haka kada mutum ya yanki tikitin jirgin sama da zai sauke shi Bergen a ranar tashi. Daga nan zuwa Yamai kilomita kusan 900 ne, sannan a canza jirgi a Istanbul ko Kasablanka, galibi a sake canzawa a Oslo ko wani birnin. In zango ɗaya ya yi jinkiri sauran sun rushe, kuma a irin wannan sauye-sauye ne akwati ke ɓata hanya. A iso da kwana guda a gaba, a kwana a otel. Daga Flesland, filin jirgin saman Bergen, akwai ƙaramin jirgin ƙasa mai suna Bybanen da ke kai mutum tsakiyar gari cikin minti 45. A gyara agogo kuma: da sanyi lokacinmu ɗaya da nasu, amma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba sun riga mu da awa guda.

Takardu ba su da wuyar faɗi. Norwe ba ta cikin Tarayyar Turai amma tana cikin Shengen, wato yankin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, don haka biza ce ta Shengen, kuɗinta yuro 90, wajen jika 59 ke nan. Ana neman inshorar lafiya ta yuro 30,000, da fasfo mai sauran akalla wata uku bayan ranar fita daga yankin Shengen. Kuɗinsu kurona ne, ba yuro ba, kuma kusan komai da katin banki ake biya, har kofin shayi.

Sai guzuri, kuma a nan mutanenmu ke shiga uku. Ba a shiga Norwe da nama ko kayan madara daga ƙasashenmu. Kilishin da aka naɗe da kyau a takarda, cuku, man shanu a kwalba, duk a hannun ƴan duwan za su ƙare. A bar su gida. Abin da ya kamata ya ci wuri a akwati shi ne rigar ruwa mai hula, rigar ulu, safar hannu, da takalmi rufaffe mai ƙasan roba. Bergen na samun ruwan sama da ya haura milimita 2,000 a shekara, mu nan da ƙyar muke wuce 400. Babbar riga a saman bene iska za ta cika ta kamar tanti, hula kuwa sai dai ka ga tana iyo a teku. A sa buta ƙarama ta roba, don ba za a same ta a banɗakinsu ba. Cajar waya mai baki biyu zagayayyu, irin wadda muke amfani da ita, tana shiga soket ɗinsu ba sai an nemi wani abu ba.

A tashar jirgin za a karɓi manyan akwatuna a manna musu lambar ɗaki, ba za ka sake ganin su ba sai da yamma, domin ɗakunan ma sau da yawa sai wajen ƙarfe shida ake buɗe su. Maganin hawan jini ko na suga, fasfo, caja, dadduma da rigar sanyi guda su zauna a jakar hannu. Za a ba ka kati ɗaya: shi ne makullin ɗaki, shi ake nunawa a ƙofar fita da shiga, a kansa ake rubuta duk abin da ka saya. Shi ya sa kuɗi ke zurarewa ba a ji ba, tunda hannu bai taɓa aljihu ba. A riƙa duba lissafin tun daren farko.

Bayanin kariya wajibi ne, kuma shi ne abin da baƙo ya fi rainawa. Bayan haɗarin Costa Concordia a gaɓar Italiya ranar 13 ga Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu, ɗaruruwan fasinjojin da suka hau a yammacin ba a riga an yi musu atisaye ba, aka gyara dokar tekun duniya: daga 2015 sai an yi kafin tashi ko da zarar an tashi. Abu uku za a riƙe. Alamar haɗari ƙara ce gajera sau bakwai sannan doguwa sau ɗaya. Wurin taruwarka yana rubuce a bayan ƙofar ɗaki, kuma a taka da ƙafa a je a gan shi ta matakala, domin in abu ya faru ba a hawa lif. Rigar ceto a san inda take, a ɗaki ko a wurin taruwa, a kuma gwada ɗaura ta, a ja igiyar ta matse, in ba haka ba ruwa zai tura ta sama ta rufe fuska. Kada a ce wannan na nesa ne. A watan Maris na 2019 injinan jirgin Viking Sky suka mutu cikin guguwa a Hustadvika, wurin da jirgin gaɓa ke ratsawa a dare na biyu, sai da aka kwashe sama da mutum 450 da jirage masu saukar ungulu.

A ɗaki, Hajiya ta yi haƙuri da turaren wuta. Akwai na'urar jin hayaƙi a rufi, kuma a teku wuta aka fi tsoro fiye da ruwa. Dutsen guga da hita ma ba a yarda da su ba. Masai na tsotsa ne da iska, bututunsa siriri, in aka jefa wani abu ban da takardar da suka ajiye sai ya toshe har na maƙwabta. A sa salula a yanayin jirgin sama a yi amfani da intanet ɗin cikin jirgi, don layin gida a can yana cin kuɗi ba kaɗan ba. Wurin cin abinci a koyi kalma biyu, svin da skinke, duk alade ne. Kifi kuwa ga shi nan iri-iri, kamar waɗanda suke kira laks da torsk. Wannan torsk ɗin ne suke shanyawa a tsibiran Lofoten har ya iso kasuwannin Najeriya a bushe kamar itace. A wanke hannu da sabulu kafin a ci, domin ƙwayar amai da gudawa da ke yawo a jiragen ruwa ba ta cika jin man shafawa na hannu ba.

Maganar salla a gama ta da malami tun a gida. Mu nan in an ce gabas an ce alƙibla, amma daga Bergen alƙibla kudu maso gabas take, jirgi kuma yana ta karkata tsakanin tsibirai, ƙarfen jikinsa na rikita kamfas ɗin waya. Ƙasaru ta halatta a teku kamar a tudu, amma haɗa salloli biyu a tafiyar ruwa akwai magana a kansa a Malikiyya. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Bergen sai bayan sha ɗayan dare, shafaƙi kuma ba ya ɓacewa har gari ya waye, to da me za a gane isha'i? Wannan tun ba a je Tromso can arewa ba, inda daga wajen 20 ga Mayu zuwa 22 ga Yuli rana ba ta faɗuwa sam.

Daren farko yana da yaudara. Jirgi na fita tsakanin tsibirai, ruwa lumui, mutum ya ce ashe abin ba wuya, ya ci ya ƙoshi ya kwanta. Cikin dare a tsaya tashar Floro, da asuba ta Maloy, daga nan sai a zagaya tsinin ƙasar da ake kira Stad, inda ba tsibirin da ya tare tekun. Awa biyu ne ko kusa da haka, amma gado na ɗagawa yana sauka, kofin da aka bari a kan tebur ya gangara, ƙofar kabad na bugawa. Jirin yana zuwa ne don kunnen ciki na jin motsi, ido kuma na ganin bango a tsaye. Magani irin meklizin, wanda kantunan maganinsu ke sayarwa da sunan Postafen, ana shan sa awa guda kafin a shiga wurin. In amai ya fara ba ya zama a ciki. Yana sa barci, mai wani ciwo ko mai juna biyu ya tambayi likita tukuna. Citta na taimaka wa wasu. Wanda abin ya kama ya kwanta rigingine ya rufe ido, ko ya fita ya kafa ido inda sama ta haɗu da ruwa, hannu ɗaya a kan ƙarfen dafawa. Tun wajen yankan tikiti a nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a benen ƙasa-ƙasa; na sama sun fi tsada, kuma su da na goshi sun fi jijjiga.

Da hantsi za a iso Alesund, garin da ya ƙone ƙurmus a 1904 aka sake gina shi da dutse. Kafin a sa ƙafa waje a karanta allon da ke bakin tsani, an rubuta lokacin tashi, a ɗauke shi hoto da waya. Wasu tashoshin tsayuwar minti goma ce ko sha biyar, ba ta isa ko sayen ruwa ba. Wanda aka bari, shi zai nemi mota ko jirgin sama da kuɗinsa ya tari jirgin a gaba, alhali akwatinsa da maganinsa suna can a ɗaki.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga unguwar Birni, Damagaram