Cocin Katolika bai ce a ajiye hankali a bakin ƙofa ba

Malam Edita, barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Don Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Kwanakin nan yaranmu da suka shiga jami'a suna dawowa gida da wata magana, wai kimiyya ta gama da zancen Allah, wai addini na waɗanda ba sa son tunani ne. Abin haushin ma shi ne amsar da wasu manyanmu ke ba su, sai ka ji an ce kai dai ka ba da gaskiya kawai, ka daina tambaye-tambaye. To ni ɗan Katolika ne, ina koyar da katikisim, wato darasin koyarwar coci, kuma ina so a sani wannan amsar ba koyarwar cocinmu ba ce sam.

A shekarar 1870, zamanin Paparoma Pius na 9, Majalisar Vatikan ta Farko, wato babban taron bishop-bishop na cocin Katolika, ta fitar da wata takarda mai suna Dei Filius, a ciki ta ce ɗan Adam na iya sanin Allah, sani na tabbas, da hasken hankalin da aka halicce shi da shi, ta hanyar duba abubuwan da aka halitta. Har ma majalisar ta yi tir da duk wanda ya ce hakan ba zai yiwu ba. Kuma ba daga kansu suka ƙirƙiro ba, Manzo Bulus ya riga ya faɗa a Romawa 1:20 cewa tun farkon duniya ikon Allah madawwami da allahntakarsa suna bayyane a cikin abin da ya yi, har mutum ba shi da uzuri. Da ya je Atina ma, a Ayyukan Manzanni sura 17, ai bai fara wa Girkawan garin da Attaura ba tunda ba su san ta ba, da mawaƙansu da bagadinsu ya fara.

Wanda ya fi kowa zama ya tsara hujjojin nan shi ne Toma Akwinas, babban malamin tauhidi na Katolika wanda ya rasu a 1274, ya kawo hanyoyi biyar. Ba zan jero su ba kar in cinye maka shafi, amma wadda ta fi kama ni ita ce ta uku. Duk abin da ka kalla, ni da kai da bishiyar kuka da rana kanta, abu ne da zai iya kasancewa kuma zai iya rashin kasancewa, ya zo ne daga wani kuma zai wuce, to in komai da komai aro yake yi wa samuwarsa, wa ya ba da aron? Dole a tuƙe ga wanda samuwarsa ba aro ba ce. 'Yan'uwana Musulmi da suka yi karatun tauhidi a zaure za su ce ai mun san wannan, wajibul wujudi ke nan, kuma gaskiyarsu, don Toma ya karanta Ibn Sina da Ibn Rushd sosai, yana ambatonsu a rubuce-rubucensa, wani wuri ya yarda da su wani wuri ya yi musu.

Amma fa a lura, coci bai ce hankali ya isa komai ba. In ka ga sawun raƙumi a rairayi ka san raƙumi ya wuce, sai dai sawun ba zai gaya maka sunan mai shi ko abin da ke zuciyarsa ba. Zancen Triniti, wato Allah ɗaya Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ko zuwan Almasihu cikin jiki, mu a wajenmu ba wanda zai zauna ya lissafo su da kansa, sai ta wahayi. Kuma ko abin da hankali ke iya kaiwa, Paparoma Pius na 12 ya yi bayani a 1950 cewa akwai cikas da yawa, son zuciya da sha'awa sukan sa mutum ya lallashi kansa cewa abin da ba ya so ya zama gaskiya ƙarya ne. Katikisim na 1992 ya maimaita wannan a sakin layi na 37. Shi ya sa ba na zagin yaron da ya ce shi bai gani ba, majalisar cewa ta yi ana iya sani, ba ta ce kowa ya riga ya sani ba.

Sai zancen kimiyyar da ake ta tsoratar da mu da ita. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara kawo ra'ayin cewa sararin samaniya na faɗaɗa kuma ya faro ne daga wani ɗan dunƙule, abin da yanzu ake kira Big Bang, fada ne na Katolika ɗan Beljiyam, Georges Lemaître, a 1927 da 1931. Abin da ya fi burge ni da shi, da Paparoma Pius na 12 ya yi jawabi a 1951 kamar yana haɗa wannan bincike da labarin halitta, shi Lemaître bai ji daɗi ba, don a ganinsa bai kamata a ɗaura bangaskiya a jikin ka'idar kimiyya da gobe za ta iya canzawa ba. Toma ma da kansa cewa ya yi hankali kaɗai ba zai tabbatar da cewa duniya tana da ranar farawa ba, hujjarsa ita ce duniya na dogare da Allah a kowane lokaci, har yanzun nan da nake rubutu. Masu wa'azin da ke cewa kimiyya ta tabbatar da aya kaza su ɗan yi hattara a nan.

Roƙona gare ka Malam Edita, ka buɗe wani shafi ko sau ɗaya a wata, ka gayyato malaman tauhidi da fadoji da malaman kimiyya na jami'o'inmu su riƙa amsa irin tambayoyin nan da Hausa, don yawancin abin da aka rubuta a kai da Turanci yake, iyayen yaran nan kuma da Hausa ake kawo musu tambayar.

Na gode, a huta lafiya.

Naka,
Wani malamin katikisim, daga Zariya